Ja, Zare, Tsame, Tuge: Tambayoyi da Amsoshi kan Kalmomin Fitar da Abu

A Jos Hausa ta kowa ce. Da ita Birom yake ciniki da Bayarabe a kasuwar Farin Gada, da ita Angas yake gaisawa da Bafulatani a Bukuru, da ita kwandasta yake kiran fasinja a Bauchi Road. Wannan abin alfahari ne. Sai dai harshen da ya zama na kowa yakan rage kaya don tafiya ta yi sauƙi, har kalma ɗaya ta ɗauki aikin goma. A fagen ja da fitar da abu, kalmar da ta haɗiye 'yan'uwanta ita ce "cire". Tambayoyin da ke ƙasa na tara su ne daga bakin ɗalibaina da kuma hirar majalisa bayan isha'i.

Malam, in na ce "cire" kowa ya gane. Me zai sa in wahalar da kaina da wasu kalmomi?

Gaskiya ne, za a gane ka. Amma za a gane cewa abu ya fita ne kawai, ba za a ga yadda ya fita ba.

Kakata, wadda muke kira Inna, tana suyar ƙosai a ƙofar gida a unguwar Gangare. Wata asuba cikin sanyin Disamba ta miƙo mini matsami don ta gyara itacen murhu. Ƙosan ya yi ja, mai yana tafasa, na ce, "Inna, in cire?" Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Cirewa sai ka ce ƙaya? Tsamewa ake yi, ɗan nan. Tsame, ka riƙe shi sama kaɗan mai ya tsane." A cikin kalmar nan guda ta gaya mini cewa abin yana cikin ruwa-ruwa ne, daga ƙasa za a tallabo shi, kuma ba da gaggawa ba. Sunan cokalin ma daga nan ya fito: matsami, abin tsamewa. "Cire" ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai.

To yaya zan gane wadda ta dace?

Hanyar da nake koya wa ɗalibai ita ce: ka tambayi kanka yadda abin ya shiga. Kusan kowace kalmar fitarwa tana da abokiyar tafiyarta ta shigarwa. Abin da aka zura, zaro shi ake yi. Abin da aka tsoma, a tsamo shi. Abin da aka kafa ko aka dasa har ya kama ƙasa, tuge shi ake yi. Abin da aka cusa ya ɓace a ƙasan kaya, sai an zaƙulo. Abin da aka binne, a tono. Abin da aka rufa, kamar mayafi ko labule, a yaye. Abin da ke hannun wani yana riƙe da shi gam, sai fizga. Shi kuwa abin da aka "sa" kawai, kamar hula ko batir, shi ne na cirewa.

In ka riƙe wannan, rabin tambayoyin da ke tafe kai ma za ka iya amsa su.

Mene ne bambancin ja, jawo da janye?

Tushensu ɗaya, alkibla ce ta raba su. "Ja" ita ce aikin kansa, ba ta damu da inda abin ya nufa ba: doki yana jan amalanke, yaro yana jan akuya. "Jawo" kuwa wajen mai magana abin yake tahowa. Ka jawo kujera kusa da ni. Ta jawo guga daga rijiya. "Janye" gusar da abu ne daga inda yake, ko ɗauke shi gaba ɗaya: janye motarka daga ƙofar masallaci, ruwa ya janye, sojoji sun janye.

Wannan ba a kan "ja" kaɗai ya tsaya ba, tsarin aikatau ne, wato kalmomin aiki, na Hausa baki ɗaya. Wasalin "o" a ƙarshe yana kawo aikin wajenka, "e" kuma yakan nuna an kawar ko an ƙarasa. Wani Bature masanin harshen Hausa, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai a 1960, kuma har yau da wannan kason ake koyarwa a jami'o'i: masu "e" su ne na huɗu, masu "o" na shida. Kai ba ka bukatar lambar, kunnenka ya riga ya san abin. Dubi ci da cinye, sha da shanye, ja da janye. Layi ɗaya suke.

Inda abin ya fi daɗi shi ne ma'anonin aro. "Jawo" ta zama kalmar sanadi: gudu ya jawo haɗari, ya jawo wa kansa magana. Kullum abin yana tahowa ne ya sauka a kan wani. "Janye" ta zama kalmar fasawa: ya janye ƙara, ta janye maganarta, ɗan takara ya janye wa abokinsa. In aka ce mutum ya janye jiki, ba faɗa aka yi ba, a hankali ya rage zuwa har aka daina ganinsa.

Ita kuwa "ja" tsurarta, da wuya a sami kalmar da ta kai ta yawo. Liman yana jan sallah. A tafsirin azumi alaramma yana jan baƙi, malam yana fassarawa. Tsoho yana jan carbi, direba ya ja birki, mai fushi ya ja tsaki, mayaƙa sun ja daga. In an ce kada ka ja da wane, ana nufin kada ka yi gardama da shi, kuma daga nan jayayya da ja-in-ja suka fito. Jagora ma asalinsa mai jan gorar makaho ne yana nuna masa hanya. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya da yunwa ya san dalilin da ya sa aka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jawo ne daidai ko janyo?

Duka biyun Hausa ne, kuma ana jin su a bakin 'yan asalin harshe. A rubutu "jawo" ta fi yawa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta cikin rubutu guda.

"Ja" ta jan kunne da ta jan baki ɗaya ce?

A'a. Ta jan kunne aiki ne, ta jan baki launi ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa suke kama da juna a takarda. A baki kuwa akwai ɗan bambanci: a "jan kunne" murya tana sauka a kan "jan", a "jan baki" tana tsayawa sama.

Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka mayar da abin mace ko jam'i. Launi yana canzawa: jan zakara, jar kaza, jajayen kaji. Aiki ba ya canzawa: jan igiya, jan akuya, jan shanu. Jan aiki, jan wuya, jan gwarzo duk na launi ne da aka ara don nuna tsanani da jarunta. Jan hankali, jan ƙafa, jan rai, jan ragama na aiki ne. Akwai inda sai jimla ta raba gardama, kamar "jan layi", wanda zai iya zama layi mai launin ja ko kuma aikin shata layin.

Zare da zaro fa?

Wannan kalma ta abu mai tsawo ce da ke cikin wani abu, ya fito sumul ba tare da ɓarna ba. Takobi daga kube, tsinke daga tsintsiya, allura daga hannun majiyyaci, mazagi daga wando, takardar kuɗi ɗaya daga cikin damin. Ba a zare dutse, ba a zare ƙwarya. In ka ga makaniki a Dilimi ya kwance noti, ƙarfen da ya saura a ramin zare shi zai yi.

Saboda santsin nan ne aka ce wane ya zare jiki, wato ya bar taro ba wanda ya lura. Ya zare hannunsa daga harkar, ya daina ba tare da hayaniya ba. A ido kuma a lura da kyau: in uba ya zare wa yaro ido, tsawatarwa ce, in mutum ya zaro ido, mamaki ne ko tsoro ya kama shi. Wasali ɗaya ya raba mai ban tsoro da mai jin tsoro.

Kada a haɗa ta da zaren ɗinki. Shi wasalinsa na farko gajere ne, na aikatau dogo.

Ana cewa "an tsamo mutane daga talauci". Ina ruwan talauci da tsamewa?

Mai wannan magana ya ɗauki talauci a matsayin ruwan da mutum ya nutse a ciki, kuma hoton ya dace. Tsamewa ta abin da ke cikin ruwa ce, ko mai, ko miya, ko taɓo. A tsame nama daga romo, a tsame wanki daga bokiti. Mu a Filato kalmar tana da wani nauyi na daban. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi suna da zurfin da ido ba ya gani, kuma in aka ji an ce "an tsamo shi" a unguwa, jikin kowa yakan yi sanyi kafin a ji ƙarshen labarin. Ba wanda zai ce "an cire shi" a irin wannan wuri, ko da Hausarsa ta kasuwa ce.

Abokiyar tafiyarta ita ce "tsoma". Mutum yakan tsoma baki cikin maganar da ba tasa ba, in ta yi zafi ya tsame hannunsa.

Tuge, tumɓuke, tsige, fige: ba duk abu ɗaya ba ne?

Suna kusa, amma hannun da ke yin kowanne daban ne. Tugewa fitar da abu ne da saiwarsa: manomin lambu yana tuge karas ya kaɗe ƙasar kafin a kai Farin Gada, akuya ta tuge turke. Tumɓukewa ita ma da saiwa ce, sai dai da ƙarfi da ɓarna, irin yadda iskar farkon damina take tumɓuke bishiya ta bar rami. Figa ta gashin tsuntsu ce, a fige kaza bayan an tsoma ta a ruwan zafi. Tsigewa kuwa ɗaya-ɗaya ce, da ɗan yatsa biyu: a tsige furfura, a tsige ganyen zogale daga reshe.

Siyasa ta ari "tsige" ta ba ta aiki na musamman, wato majalisa ta raba zaɓaɓɓe da kujerarsa. Tarihin jiharmu ya ishe mu misali. A watan Mayun 2004, da aka sa dokar ta-ɓaci a Filato, dakatar da Gwamna Joshua Dariye aka yi na wata shida, sannan ya dawo. A Nuwamban 2006 kuwa wasu 'yan majalisar dokokin jiha suka tsige shi, daga baya kotu ta soke tsigewar ya koma ofis a 2007. Dakatarwa daban, tsigewa daban, kuma mai ba da labari da ya ce "an cire shi" a duka biyun ya ɓoye wa mai sauraro abin da ya faru. Sarki kuma tuɓe shi ake yi, domin rawani ne ake sauke wa. Gwamnati sukutum, in soja suka yi juyin mulki, hamɓarar da ita suka yi ko suka kifar.

Fizge da ƙwace?

Fizga tana nuna saurin hannu, ƙwace tana nuna fin ƙarfi. Ɓarawo a kan babur fizge waya yake yi ya wuce. Wanda ya tare ka ya tilasta maka ka ba shi, ƙwace ya yi, ko da a hankali ya karɓa. Hukuma ma tana ƙwace kaya, ba ta fizgewa. Akwai "warce" da "wafce", su ma na sauri ne kamar shaho da ɗan tsako, da "fincike" wadda ke nuna an ja da ƙarfi har abin ya rabu da mariƙinsa. Za ka ga wasu suna rubuta "fisge", wasu "fizge". Lafazi ne ya bambanta, kalmar ɗaya ce.

Na rikice tsakanin ɗiba, ɗebi da ɗebe.

Ba kai kaɗai ba ne. Ɗiba ita ce ɗaukar wani sashe daga abu mai yawa, kamar ruwa, hatsi, yashi. Siffarta tana canzawa bisa abin da ya biyo baya: na ɗebi ruwa, na ɗebe shi, ruwan da na ɗiba. In wajenka za a kawo, ɗebo ne. A asibiti ma ɗibar jini ake yi don gwaji, tunda kaɗan ake ɗauka.

Sai kuma wata "ɗebe" mai zaman kanta, mai nufin ragewa ko kawarwa. Ita ce ta darasin lissafi, bakwai a ɗebe uku saura huɗu. Ita ce ta ɗebe kewa da ɗebe tsammani. In kuwa ba a bar komai ba, an tashi daga ɗiba an koma kwasa: a kwashe tuwo daga tukunya, ɓarayi sun kwashe kayan shago. Rijiya in ta cika da laka, yashe ta ake yi, mutum ya shiga ciki yana cika guga ana jawowa. Daga nan ne matasa suka sami "an yashe shi", wato an raba shi da duk abin da ke aljihunsa.

Tatsa, tsotsa da zuƙa?

Dukansu jan ruwa ne ko iska daga cikin abu, bambancin yana ga abin da ke yin aikin. Tatsa da hannu ake yi, a hankali, a kai a kai, kamar yadda ake tatsar saniya a ruga da sassafe. Shi ya sa in ana karɓar kuɗin mutum kaɗan-kaɗan ba ƙarewa, sai a ce ana tatsarsa. Tsotsa da leɓe da harshe ce, jariri da nono, yaro da alewa, babba da ɓargo. Halin da mutum ya gada, a ce a nono ya tsotsa. Zuƙa kuwa da numfashi ce, ja ɗaya mai ƙarfi.

Na taɓa raka kawuna wajen wanzami a yi masa ƙaho. Wanzamin ya kafa ƙahon a bayansa, ya sa baki a tsinin ya zuƙi iskar ciki, ya toshe ramin. Da fata ta taso sai ya cire ƙahon, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar ya sake zuƙa. Can ya ce, "Alhaji, ka ɗan yi haƙuri, yanzu zai fara ja." Cikin minti kaɗan na ji kalma uku, kowace a gurbinta: shi ya zuƙa, ƙaho ya ja jini, sannan aka cire ƙahon. Mutumin bai yi nazarin nahawu ba, sana'arsa ce ta ajiye masa kalmomin. Na lura haka abin yake wajen mahauta da maɗinka da masu gini, su ne ba su yarda "cire" ta cinye musu sauran ba.

Haƙo, tono, zaƙulo?

Haƙa yin rami ne inda babu shi, tono kuwa buɗe abin da ƙasa ta rufe. Leburorin da suka taho Jos daga ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta kawo su. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu za ka ji ana cewa a haƙe shi, wasu su ce a tone, duka sun zauna. Amma asiri tonawa kawai ake yi, ba a haƙa shi, domin dama binne yake.

Zaƙulowa sai an lalube. Je ka kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ranar da aka fasa dila, ka ga mace ta nutsa hannu har gwiwar hannu cikin tulin kaya ta fito da rigar sanyi guda mai kyau. Wannan ita ce zaƙulowa, kuma da wannan hoton ake cewa an zaƙulo yara masu hazaƙa ko an zaƙulo masu laifi. In ramin ƙarami ne, kamar kunne ko ƙasan kwalba, ƙwaƙulowa ce. Naman da ya maƙale a haƙori kuma sakace shi ake yi.

Tallafin man fetur: cire shi aka yi ko janye shi?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshensa, ana jin duka biyun a rediyo. A ganina "janye" ta fi kama ma'anar, domin tallafi hannu ne da aka sa aka tallabe abu, in an fasa kuma janye hannun ake yi. "Cire" tana kallon abin ne ta fuskar kasafi, an cire wani layi daga lissafi. Yajin aiki kuwa babu zaɓi, janye shi ake yi, kamar yadda aka yi ta faɗa a Oktoban 2022 lokacin da malaman jami'a suka koma aji bayan wata takwas.

Kayan zamani fa? Waya, banki, lantarki?

A nan "cire" tana gidanta, kuma ba na jayayya da ita. Ana cire kuɗi a banki ko wajen mai POS, ana cire layi daga waya, ana cire batir. Caja dai, tunda zura ta ake yi, "zare" ta fi dacewa, kuma za ka ji mutane da kansu suna cewa zare cajar nan. Wuta da ruwan famfo jawo su ake yi zuwa gida. Mota in ta gaza a hawan tudu, direba ya ce ba ta ja.

Me ya sa ake cewa "ya ciri tuta", ba "ya cire tuta" ba?

Domin "cira" tana da ma'anar ɗagawa sama. Wanda ya ciri tuta ya ɗaga ta ne kowa ya gani, ya yi fice. In ka ce ya cire tuta, ka sauke ta daga sanda ke nan, ka juya yabon. Ina yawan ganin wannan kuskure a rubutun taya murna, kuma yana damuna, don mai rubutun alheri ya nufa.

Fitar da, fid da, fisshe: wanne zan rubuta?

"Fitar da" ita ce cikakkiya, "fid da" gajartarta, "fisshe" kuma tana zuwa kafin wakilin suna, irin su "mu" ko "shi": Allah ya fisshe mu. A rubutun ofis "fitar da" ta fi yawa. Amma a maganganun da aka gada gajeruwar ta fi zama a baki: ya fid da rai, ya fid da jaki daga duma, ya fid da mu kunya.

Haƙori fa?

A asibiti cire shi ake yi, a nan "cire" ce daidai. In da duka ko faɗuwa ya fita, an ce ya fita ko ya karye. Na yaro ɗan shekara shida ko bakwai da ke girgiɗi ya faɗi da kansa don sabo ya fito, wannan ba cirewa ba ce, famfara yake yi.